Abin da Ya Karya Lagon Mulkin Wariyar Launin Fata

A 1948, shekarar da jam'iyyar National Party ta hau mulki a Afirka ta Kudu ta mai da wariyar launin fata manufar gwamnati ƙarara, fararen fata ba su wuce mutum ɗaya cikin biyar na jama'ar ƙasar ba. Bayan shekara 46 suka sauka, kuma ba cin su aka yi da yaƙi ba. Ranar da suka miƙa mulki sojojinsu ne mafi ƙarfi a kudu da Sahara, 'yan sandansu suna nan daram, babu gari ko ɗaya da 'yan gwagwarmaya suka ƙwace da bakin bindiga, kuma 'yan shekaru kafin nan bama-baman nukiliya 6 ke ajiye a rumbunsu. To me zai sa mai irin wannan ƙarfi ya saki abin da ya riƙe tun kaka da kakanni?

Galibi sai a ambaci Nelson Mandela, a ce ya yi shekara 27 a kurkuku, ya fito ya yafe, shi ke nan. Babu mai rage wa Mandela daraja, amma fursuna ba ya kifar da gwamnati daga bayan kanta. A ganina tsarin ya zo duniya ne da ciwon ajalinsa a jiki: yana buƙatar gumin baƙar fata, amma ba ya son ganinsa a gari. Shekara 80 da ɗoriya 'yan gwagwarmaya suka yi suna lalube, su gwada wannan dabara su faɗi, su gwada waccan, kafin su dafa daidai inda ciwon yake.

Tushen maganar yana ƙarƙashin ƙasa. An gano zinariya a Witwatersrand a 1886, wurin da Johannesburg ta tsiro. Zinariyar can tana da yawa, sai dai tana da zurfi kuma a warwatse take cikin dutse. Sai an fasa tan guda kafin a samu 'yan giram kaɗan. Haƙarta ba ta da riba sai da lebura mai arha, mai yawa, wanda ba shi da bakin magana. Manomin da ke da gonarsa da shanunsa kuwa ba zai shiga rami don 'yan kwabbai ba. Sai aka raba shi da gonar. Dokar filaye ta 1913 ta keɓe wa baƙaƙen fata kimanin kashi 7 cikin 100 na ƙasar, ta hana su sayen fili a sauran. A 1936 aka ƙara zuwa kusan kashi 13. Ga haraji, wanda ba ya biyuwa sai da kuɗin Bature. Ga takardar fas, mai nuna inda aka yarje wa mutum ya taka da wanda yake yi wa aiki. Namiji ya tafi mahaƙa da kwantiragi, ya kwana a barikin maza zalla, iyalinsa na can ƙauye. In ƙura ta cinye masa huhu a mayar da shi ya mutu a gida. Duk wannan ya girmi 1948. Turawan Afrikana (masu harshen Afrikaans) na National Party tsaurara abin da suka tarar suka yi, suka mai da shi aƙida.

Waɗanda suka kafa ANC, ƙungiyar neman haƙƙin baƙaƙen fata, a Bloemfontein ranar 8 ga Janairun 1912, irin su John Dube da Pixley Seme da Sol Plaatje, malaman makaranta ne da lauyoyi da limaman coci da 'yan jarida. Makaminsu takardar koke. Sun tura wakilai Landan a 1914, suka sake a 1919. Aka ce musu harkar cikin gida ce, su koma. Yau da sauƙi a yi musu dariya, amma mutane ne da makarantun mishan suka koya wa cewa adalcin Ingila gaskiya ne, suka ɗauki maganar da muhimmanci fiye da masu ita. Shekara 30 suna rubutu cikin ladabi, abin kullum ƙara taɓarɓarewa yake yi.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya sauya lissafi. Masana'antu suka buɗe, baƙaƙen fata suka kwararo birane, da fas ko babu. A 1944 matasa irin su Anton Lembede, Walter Sisulu, Oliver Tambo da Mandela suka kafa reshen matasa na ANC, suka ce zamanin roƙo ya wuce. A 1946 masu haƙar zinariya kimanin 70,000 suka yi yajin aiki, 'yan sanda suka murƙushe shi cikin mako guda. Talakan Bature ya tsorata, ya zaɓi D.F. Malan na National Party a 1948. Daga nan dokoki suka yi ta zubowa: an haramta auratayya tsakanin farare da sauran jinsuna a 1949, an yi wa kowa rajistar launi an kuma raba unguwanni a 1950, har in aka yi shakkar mutum jami'i kan soka masa fensir a gashi ya ga ko zai zame. A 1953 minista Hendrik Verwoerd, wanda daga baya ya zama firaminista, ya kawo tsarin ilimin da aka shirya musamman don kada ɗan baƙar fata ya wuce matsayin lebura.

Martanin farko shi ne bijire wa doka da gangan a 1952. Masu sa-kai suka riƙa shiga ta ƙofar Turawa a tashar jirgin ƙasa, su miƙa hannu a kama su; sama da mutum 8,000 aka tsare. Dabara ce da aka gada daga Gandhi, wanda ya zauna ƙasar daga 1893 zuwa 1914, ko da yake shi fafutukarsa ta Indiyawa ce, kuma abin da ya rubuta game da baƙaƙen fata a lokacin ba abin alfahari ba ne. Gwamnati ta amsa da dokar bulala. A Agustan 1956 mata kimanin 20,000, Lilian Ngoyi na gaba, suka yi tattaki har fadar gwamnati a Pretoria don kada a ɗora musu fas. An ɗora ɗin.

Sai dai abin da ya fi tasiri a shekarun nan ba a kan titi ya faru ba, a cikin gida ne. A Yunin 1955 wakilai kusan 3,000 suka taru a wani fili a Kliptown suka amince da Kundin 'Yanci, wanda ya buɗe da cewa Afirka ta Kudu ta duk mazaunanta ce, baƙi da fari. Ga wasu wannan jimla cin amana ce: ta yaya mai ƙasa da wanda ya ƙwace ta za su zama haƙƙinsu ɗaya? A kan haka Robert Sobukwe da mutanensa suka ɓalle suka kafa PAC a 1959. Kundin ya kuma yi alkawarin raba gonaki ga masu nomansu da mayar da ma'adinai da bankuna hannun jama'a. Mai karatu ya riƙe alkawuran nan biyu, na ƙasa ga kowa da na rabon dukiya, domin ba makoma ɗaya suka samu ba.

PAC ce ta kira zanga-zangar 21 ga Maris 1960: kowa ya bar fas ɗinsa a gida ya je caji ofis ya ce a kama shi. A Sharpeville 'yan sanda suka buɗe wuta, suka kashe mutum 69, da yawa a baya harsashi ya same su. Cikin makonni aka haramta ANC da PAC. Ranar 16 ga Disambar 1961, kwanaki kaɗan bayan shugaban ANC Albert Luthuli ya karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya, sabuwar rundunar Umkhonto we Sizwe, reshen ANC mai ɗauke da makami, ta tayar da bama-bamanta na farko a tashoshin lantarki da ofisoshin gwamnati. Mandela ya sulale ya zaga Afirka a 1962 neman kuɗi da horo, ya dawo aka cafke shi. Shekara na zagayowa 'yan sanda suka dira wata gona a Rivonia suka kwashe sauran jagororin, a Yunin 1964 aka yanke wa mutum 8 ɗaurin rai-da-rai.

Masu ba da labari ba su cika son tsayawa a kan abin da ya biyo baya ba: danniyar ta yi aiki. Kusan shekara 10 ƙasar ta yi tsit. Jarin waje da ya tsere bayan Sharpeville ya dawo har da ƙari, tattalin arziki ya riƙa bunƙasa da kusan kashi 6 cikin 100 a shekara. ANC ta koma 'yan ofisoshi a Landan da Darussalam da Lusaka, mayaƙanta na zaune a sansanoni, tsakaninsu da gida akwai Angola da Mozambik na Fotugal da Rodeshiya (Zimbabwe ta yau) ta Ian Smith. A ciki kuwa wanda ya ɗaga kai ya shiga uku. Imam Abdullah Haron na Cape Town, wanda ke tallafa wa iyalan ɗaurarru, ya yi kwana 123 a hannun 'yan sandan ciki, ya rasu a Satumbar 1969. Suka ce daga matakala ya faɗo. Sai a 2023 kotu ta sake bincike ta tabbatar azabtarwa ce ta kashe shi. A wannan sararin gwamnati ta shiga warware matsalarta ta lissafi: kowane baƙar fata a ba shi "ƙasar" ƙabilarsa a cikin kashi 13 ɗin nan, ya koma ɗan ci-rani a inda aka haife shi. An kwashe mutane kimanin miliyan 3.5 da ƙarfin tsiya, an ba yankuna huɗu tuta da shugaban ƙasa, Transkei ce ta farko a 1976. Babu wata ƙasa a duniya da ta amince da su, ban da Afirka ta Kudu da kanta.

Amma bunƙasar da ake taƙama da ita ce ta kwance musu zani. Mahaƙa na iya aiki da leburan da za a sallama yau a kawo wani gobe. Masana'antar ƙera mota ko masaƙa ba haka take ba: tana son wanda ya iya karatu, ya san inji, ya daɗe a kansa, yana kuma kwana kusa da wurin aiki. Turawa ba su da yawan cike waɗannan gurabu. A Janairun 1973 ma'aikatan wani kamfanin bulo a Durban suka ajiye aiki kan albashi, cikin wata uku yajin ya bazu zuwa mutum sama da 60,000. Sun koyi darasi daga 1946 da Rivonia, saboda haka suka ƙi fitar da shugabanni. Manaja ya ce a turo wakilai, taro ya amsa masa da murya ɗaya. Babu wanda za a kama, kuma ba za a iya korar kowa da kowa ba. Dole aka ƙara albashi. A 1979 gwamnati da kanta ta halatta ƙungiyoyin ƙwadagon baƙaƙen fata, da tunanin in ta yi musu rajista za ta iya juya su. Ni a wajena 1973 ta fi 1961 nauyi a wannan tarihi, duk da ba a yi mata waƙa ba.

A daidai lokacin wani abu na tsirowa a makarantu. Steve Biko, ɗalibin likitanci, da abokansa suna koyar da cewa kafin a fitar da Bature daga fadar gwamnati sai baƙar fata ya daina raina kansa. Yaran da suka sha wannan karatu, suka kuma ga Mozambik da Angola sun samu 'yanci a 1975, su ne suka fito a Soweto ranar 16 ga Yunin 1976 don ƙin a koya musu lissafi da harshen Afrikaans. Aka harbe su. Hoton Hector Pieterson, ɗan shekara 12, an sungumo shi jina-jina, ya zaga duniya. Tarzomar ta bazu, hukumar binciken gwamnati da kanta ta ƙirga gawa 575. Dubban matasa suka tsallaka iyaka suka faɗa hannun ANC, domin ita ke da sansani da abinci da makami. Haka ƙungiyar da ta kusa shiga kundin tarihi ta farfaɗo da 'ya'yan da ba ita ta raina ba. Biko kuwa a Satumbar 1977 aka ɗauko shi tsirara a bayan mota, da rauni a ka, daga Port Elizabeth zuwa Pretoria, tafiyar sama da kilomita 1,000, can ya cika. Bayan wata biyu Kwamitin Sulhu ya ƙaƙaba wa ƙasar takunkumin makamai na dole.

Wanda ke son sanin iyakar abin da bindiga ta yi sai ya leƙa maƙwabta. A Rodeshiya Turawa ba su wuce kashi 5 cikin 100 ba, kuma arzikinsu mai yawa a gona yake, a daji, inda ɗan sunƙuru ke iya kaiwa. Smith ya ɓalle daga Ingila ranar 11 ga Nuwamban 1965, takunkumi bai girgiza shi ba muddin mai na shigowa ta Afirka ta Kudu da Mozambik. Da sojoji suka kifar da gwamnatin Fotugal a Afrilun 1974, Samora Machel ya hau mulki a Mozambik, doguwar iyakar gabas ta buɗe wa mayaƙan ZANU ta Robert Mugabe, na ZAPU ta Joshua Nkomo kuma suna shigowa daga Zambiya. A Maris 1976 Smith ya ce ba ya hango mulkin baƙar fata ko nan da shekara 1,000. Kafin shekarar ta ƙare ya amince da shi bisa manufa, domin Pretoria da kanta ta matsa masa lamba. Aka yi sulhu a Lancaster House a Disambar 1979, Zimbabwe ta samu 'yanci ranar 18 ga Afrilun 1980. Can bindiga ta yi aiki. A Afirka ta Kudu kuwa Turawa sun haura miliyan 4, a birane suke, suna ƙera makamansu, kuma ɗan Afrikana ba shi da wata ƙasar da zai koma. Hare-haren Umkhonto, irin na matatar Sasol a 1980 da tashar nukiliya ta Koeberg a 1982, sun ƙarfafa gwiwar matasa ƙwarai, amma ba su taɓa kusantar karya rundunar gwamnati ba.

Najeriya na da nata kaso, sai dai a faɗe shi daidai gwargwado. Abubakar Tafawa Balewa na cikin waɗanda suka tsaya kai da fata a taron ƙasashe renon Ingila na Maris 1961 har Verwoerd ya janye ƙasarsa. Taron ƙarshe da ya karɓi baƙuncinsa a Legas, kwanaki kaɗan kafin a kashe shi a Janairun 1966, kan Rodeshiya ne. Murtala Muhammed ya amince da gwamnatin MPLA a Angola a Nuwamban 1975 da ya tabbata sojojin Pretoria sun kutsa ƙasar, ya kuma je Addis Ababa ya yi fatali da wasiƙar shugaban Amurka Gerald Ford. An kafa asusun tallafi da ma'aikatan gwamnati suka riƙa zuba wani kaso na albashinsu, Thabo Mbeki ya zauna a Legas yana wakiltar ANC. A 1979 gwamnatin Obasanjo ta ƙwace kadarorin BP ana dab da taron ƙasashe renon Ingila a Lusaka, don Margaret Thatcher ta ji a jikinta. Asalin gidajen man AP ke nan. Shekaru da dama 'yan Najeriya ne ke shugabantar kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da wariya, ciki har da Ɗanmasanin Kano, Yusuf Maitama Sule. Duk gaskiya ne. Amma kuɗi da murya muka bayar, daga nesa. Maƙwabta ne suka biya da jini: mutum 42 a farmakin da sojojin Pretoria suka kai Maseru, babban birnin Lesotho, a 1982, da Angola, da Mozambik wadda 'yan tawayen RENAMO da Pretoria ta ɗauki nauyi suka ɗaiɗaita. In gori za a yi, ɗan Mozambik ya kamata ya fara magana, shi da bai tsira daga farmakin ƙyamar baƙi na 2008 a Afirka ta Kudu ba.

P.W. Botha, shugaban gwamnatin wariya na lokacin, ya gane tsarin na buƙatar gyara, sai ya zaɓi gyaran gangar auzinawa: majalisa mai zaure uku, na farare, na ruwa-biyu, na Indiyawa, baƙaƙen fata kuwa ko kujera ɗaya babu. Wannan ne ya haɗa ɗaruruwan ƙungiyoyi, na coci da masallaci da unguwa da ɗalibai, ƙarƙashin inuwar UDF a Agustan 1983. Taro irin wannan ba shi da shugaba ɗaya da za a ɗaure a huta. A Satumbar 1984 unguwannin Vaal suka tashi kan ƙarin kuɗin haya. Daga nan sai ƙin biyan haya, da ƙaurace wa shagunan Turawa, jana'iza ta koma dandalin siyasa tunda an hana taro. Aka kafa tarayyar ƙwadago ta COSATU a ƙarshen 1985, a 1987 masu haƙar ma'adinai sama da 300,000 suka yi yajin mako uku ƙarƙashin Cyril Ramaphosa. A 1986 aka soke fas. Ba tausayi ba ne, dokar ce ta gagari masu aiwatar da ita.

Ba kuma gwagwarmayar waliyyai ba ce. An rataya wa waɗanda ake zargi da kai rahoto taya an cinna musu wuta, wasu ba da wata hujja ba. Bam ɗin da Umkhonto ta tayar a titin Church a Pretoria a 1983 ya kashe mutum 19, har da fararen hula. A sansanin Quatro na Angola ANC ta azabtar da 'ya'yanta. Hukumar Gaskiya da Sulhu ta Desmond Tutu ta rubuta duk wannan, ANC ta garzaya kotu a 1998 don hana fitar da rahoton, ta sha kaye.

Wutar cikin gida ce ta sa matsin waje ya yi tasiri. An daɗe da mai da ƙasar saniyar ware a wasanni, tun daga Olamfik na 1964, kuma hana ɗan Afrikana wasan zari-ruga ya fi masa zafi a kan duk wani ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya. A Amurka, waɗanda suka yaƙi tasu wariyar a jihohin kudu suka fara zaman dirshan a ofishin jakadancin Afirka ta Kudu a Washington a Nuwamban 1984, har majalisa ta kafa dokar takunkumi a 1986 duk da Ronald Reagan ya hau kujerar na-ƙi. Amma naushin da ya fi shiga daga inda ba a zata ba ya zo. A Yulin 1985 bankin Chase Manhattan na Amurka ya ƙi sabunta basussukansa na gajeren zango. Ba don Allah ya yi ba. Hayaƙi ya gani a talabijin ya ji tsoron kuɗinsa. Ranar 15 ga Agusta Botha ya yi jawabi a Durban, duniya na jiran sassauci, shi kuwa ya ɗaga yatsa yana kashedi. Sauran bankuna suka bi sahu, kuɗin rand ya faɗi warwas, gwamnati ta rufe kasuwar hannun jari ta dakatar da biyan bashi. A Satumba shugaban kamfanin Anglo American, Gavin Relly, ya ja tawagar attajirai zuwa Zambiya don ganawa da Tambo, shugaban ANC, mutumin da doka ke kira ɗan ta'adda. Ranar da mai mahaƙar zinariya ya hau jirgi neman ANC, lissafin 1913 ya juye: wariya ta daina kawo riba, ta koma asara.

Sauran abin sa'a ce ta zamani. Har yau ana gardamar wanda ya yi nasara a Cuito Cuanavale, inda sojojin Pretoria suka kara da na Angola da Kyuba a 1987 zuwa 1988, amma gawarwakin samarin Turawa sun riƙa dawowa gida, kuma a Disambar 1988 an sa hannu kan yarjejeniyar da ta kai ga 'yancin Namibiya. Da katangar Berlin ta faɗi a Nuwamban 1989, hujjar yaƙi da gurguzu da ake kai wa Amurka da Ingila ta bi ruwa, ita ma ANC mai ba ta makami ya fara tangaɗi. F.W. de Klerk, wanda ya gaji Botha, ɗan gida ne a National Party, ba a san shi da son sauyi ba. Lissafi ya yi, ya ga gara a yi ciniki tun da sauran ƙarfi. Ranar 2 ga Fabrairun 1990 ya halatta ƙungiyoyin da aka haramta, ranar 11 Mandela ya fito. Shekaru huɗun da suka biyo baya su ne mafi zubar da jini, kimanin mutum 14,000, galibi a rikicin magoya bayan ANC da na Inkatha ta Mangosuthu Buthelezi, wadda aka bankaɗo 'yan sanda na ba ta kuɗi a asirce. Da aka kashe Chris Hani, jigo a ANC, a Afrilun 1993, Mandela ne ya fito talabijin ya lallashi ƙasa, ba shugaban ƙasar ba. Zaɓen 27 ga Afrilun 1994 tabbatar da abin da aka gani a daren nan ya yi.

Tunda ba cin yaƙi aka yi ba, ciniki ne, kowa ya fita da wani abu. ANC ta samu abin da ba ta taɓa sassauci a kai ba: ƙasa ɗaya, mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya. Turawa suka samu gwamnatin haɗin gwiwa ta wucin gadi, da tabbacin aiki da fansho ga ma'aikata da jami'an tsaro (abin mamaki, jagoran 'yan gurguzu Joe Slovo ne ya kawo shawarar), da afuwa ga wanda ya faɗi gaskiya, da kariyar dukiya a tsarin mulki. Alkawarin farko na Kliptown ya cika, na gona da ma'adinai aka ɗage shi sai baba-ta-gani. Wasu matasan ƙasar yau na cewa Mandela ya sayar da su. Ban yarda ba. Wanda ba shi da rundunar shiga Pretoria ba shi da halin gindaya sharaɗin wanda ya ci yaƙi. Amma ƙorafinsu na da tushe. An yi alkawarin mayar da kashi 30 cikin 100 na gonakin Turawa cikin shekara 5, an shekara 30 ba a kai ba. Ƙididdigar gwamnati ta 2017 ta nuna kashi 72 na gonakin da ke hannun ɗaiɗaikun mutane na fararen fata ne, alhali ba su kai kashi 10 na jama'a ba. Zimbabwe ta yi irin wannan ɗagewa a Lancaster House, abin ya fashe mata a 2000. A Marikana, a Agustan 2012, 'yan sandan gwamnatin ANC suka harbe masu haƙar ma'adinai 34 da ke yajin aiki, Ramaphosa a lokacin yana cikin daraktocin kamfanin. A zaɓen 2024 jam'iyyar ta faɗo zuwa kashi 40, ta rasa rinjaye karon farko. Da Ramaphosa, a matsayin shugaban ƙasa, ya sa hannu a Janairun 2025 kan dokar da ta ba gwamnati damar karɓar fili ba diyya a wasu yanayi ƙalilan, Donald Trump ya yanke wa ƙasar tallafi, a watan Mayu kuma rukunin farko na Turawan Afrikana suka sauka a Amurka da sunan 'yan gudun hijira.